Sandar da Aka Yanke da Zarto

An ce wani sarki ya yi zamani a wata ƙasar Kirista da ke bayan manyan duwatsu. A al'adar ƙasar, sandar sarauta ba ta barin hannun sarki a gaban jama'a. Ranar da ya ajiye ta, wanda ya ɗauka shi ne sarki. A coci kuma ba a karɓar gurasar Jibin Ubangiji, wadda ake ci don tunawa da mutuwar Mai Ceto, sai a tsakiyar masu bi, da tafi biyu a buɗe. Don haka tun da ya hau gado bai ɗanɗana Jibi ba. Ya gina coci, ya rataya mata ƙararrawa, yana lallashin ransa da cewa Allah ya san uzurin masu mulki.

Da ciwon ajali ya kama shi, sai tsoro ya shige shi, kada ya isa gaban Mai Ceto bai taɓa zama a teburinsa ba. Ya sa aka ɗauke shi ranar Lahadi, aka zaunar da shi gaban Baba Tadawus, tsohon limamin cocin, mai yawan mita da taje gemu.

Sarki ya ce, "Baba, sa mini gurasar a baki."

Tsoho ya ce, "Ya sarki, ka rasa wanda za ka wulaƙanta sai ni? Da wannan gemu nawa, da babu irinsa a ƙasarka, zan koma uwar goyo? Buɗe hannu, kamar yadda gwauruwar can ta buɗe."

"To riƙe mini sandar."

"In zama sarki? Da kyan nan nawa ai ba za su sake ni ba. Ciwon da ya cinye ka kake so ka shafa mini? Ajiye ta a ƙasa."

Sarki ya dubi gurasa, ya dubi waziri, ya ga idon waziri a kan sanda yake. Ya ce, "Hannu ɗaya bai isa ba? Rabin dukiyata na ba Allah."

Wasa ya bar fuskar tsoho. Ya ce, "Ya sarki, ai rabin da ba ka so ne ka ba shi. Taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ya shimfiɗa hannu biyu a kan gicciye dominka, da ɗaya za ka karɓe shi?"

Hawaye ya zubo wa sarki. Ya ce a ransa, waziri ya ɗauka, kowa ma ya ɗauka. Ya yunƙura zai saki sanda, yatsu suka ƙi. Shekarun riƙo da ciwo sun sandarar da su kamar saiwar itace. Ya sa ɗaya hannun yana ɓamɓara, Baba Tadawus ya durƙusa yana taya shi, gemun da yake taƙama da shi yana sharar ƙasa. Ko ɗan yatsa bai motsa ba.

Sarki ya ce, "Baba, ashe ba ni ke riƙe da ita ba."

Nan take rai ya yi halinsa. Da aka zo yi masa sutura, sai da aka yanke sandar da zarto sama da ƙasa, aka binne shi da guntun a hannu. Kafin makoki ya watse, waziri ya sa an sassaƙa sabuwa.

Duniya ba ta zaluntar bawanta: yadda ya riƙe ta, haka take riƙe shi.