Sunan da Alhaji Usmanu Ya Sa Aka Goge

Akwai wani dattijo a Jiga Makera, Alhaji Usmanu, manomin albasa na gaske. Shi ne shugaban wata ƙungiyar manoma da ta haɗa mutanen Jega, Aliero da Maiyama. Mutumin kirki ne, hannunsa a sake. Sai dai a ganinsa, in ba a ƙasar Aliero aka haife ka ba, kai da albasa sai a cikin miya.

Ƙungiyar ta ɗauki wata matashiya 'yar Alelu, Hafiza, ta haɗa musu manhajar waya. Manomi zai tura saƙo kan abin da ya gani a gonarsa, in cuta ce sai manhajar ta sanar da kowa.

To amma cuta ɗaya, suna barkatai. Wadda ke murɗe ganyen albasa ta kwantar da shi, su Alhaji suna ce mata zazzalau, mutanen Sarandosa kuwa murɗau suka tashi suka ji ana cewa. Shi ya sa Hafiza ta fara da ma'ajiyar kalmomi. A ciki akan ɗora suna ɗaya a sama, a rataya sauran a ƙarƙashinsa, duk wanda aka rubuta manhajar ta gane abu guda ake nufi.

Ranar taro a Jega ta nuna wa dattawa aikin. Alhaji ya gyara zama.

"Ɗiyata, wanga murɗau kuma mi na na? Goge shi. Mu ad da albasa, sunanmu za a bari."

"Baba Alhaji, ai naku na sa sama," in ji Hafiza. "In na goge nasu, duk saƙon da ya zo da shi manhaja ba ta sanin inda za ta kai shi."

Malam Surajo, wakilin Sarandosa, ya ce a hankali, "Alhaji, mu ba mu neman sama. A bar mu ko ƙasa-ƙasa. Shi munka iske ga bakin uwayenmu."

"Ku koyi namu, Malam. Ba shi da wuya."

Aka yi dariya. Malam Surajo ya ji zafin abin har cikin ransa. Hafiza ta goge ba da son ranta ba, ta miƙa aikin ta tafi.

A ƙarshen damina ruwa mai ƙarfi ya wanke fangalin da Alhaji ya yafa irinsa. Lokacin dashe ya matso, kuma da wannan noman yake ciyar da gidansa shekara guda. Ya aika a nemo masa dashe ko'ina ne. Kun san inda aka samo? Sarandosa, wajen mutanen nan da yake ganin ba su san albasa ba.

Ashe cutar ta riga ta shiga fangalan bakin fadamarsu. Manoman can sun yi ta tura saƙo cewa murɗau ta kama iri, kada kowa ya ɗauka. Manhajar ba ta san murɗau ba, sai ta tara saƙonnin a gefe. Wayar Alhaji shiru.

Da hantsi Malam Surajo ya ji labarin an loda dashen fadamar a a-kori-kura an nufi Jiga Makera da shi. Ya kira Alhaji, ya sake kira. Alhaji ya ga sunan, ya ɗauka ƙorafin taron nan ne, ya mayar da wayar aljihu.

Wani zai ce ai ya yi nasa. Malam Surajo kuwa ya bar aikinsa, ya hau tsohon mashin ɗinsa.

Ya iske ma'aikata sun dasa kusan rabin gonar. Bai ko tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Alhaji, tsai da su! Irin ga shina da cuta."

Ya tsuguna ya zaro ɗaya daga cikin dami, ya nuna masa inda ganyen ya fara lanƙwasa. Alhaji ya gane cutar sarai.

"Don mi ba ku hwaɗa ba?"

"Mun hwaɗa, Alhaji. Da bakinmu munka hwaɗa."

Rabin da aka dasa sai tugewa aka yi. Ɗaya rabin ya tsira, Malam Surajo ya raba nasa dashen mai lafiya ya ba Alhaji, aka cike.

Bayan kwana biyu Alhaji ya tafi Alelu wajen Hafiza da kansa, ya riƙo hannun Malam Surajo. Kunya ta hana shi ɗaga ido.

"Ɗiyata, maido sunan nan. Ki aza shi bisa namu."

Malam Surajo ya yi murmushi.

"A'a, bar na Alhaji sama. Ki dai aje namu kusa da shi, yadda in munka yi kira zai jiya."

Darasi: Kada ka raina yadda wani yake kiran abu don ba haka ake kiransa a garinku ba. Wanda ka toshe wa baki yau, wataƙila shi ne zai zo maka da gargaɗin da zai cece ka gobe. In kuma kai aka raina, ka yi irin ta Malam Surajo, kada ɓacin rai ya hana ka alheri. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman masu riƙe da shugabanci.