Mai Ya Zube

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a ƙauyen nan namu, zamanin da matatsar man zaitun ta Baba Refik ke aiki a gindin tudu. Ba zan kama sunansa ba, don jikokinsa na cikin sahun nan.

Tsofaffinku sun tuna wurin. Da zaitun ya nuna, alfadari na zagaya dutsen niƙa tun hantsi, ƙanshin sabon mai na kaiwa har ƙofar masallaci. Kowa ya leƙo sai an gutsura masa burodi mai zafi, ya tsoma, ya barbaɗa gishiri. Yau akwai injin ƙarfe a birnin Elbasan da ke tatse aikin kwana uku cikin awa guda, amma wallahi ban sake jin wannan ƙanshin ba.

Baba Refik yana da doka ɗaya tak. Duk wanda mai ya zube masa, ko cokali guda ne, sai ya tsaya cak a wurin, ya ɗaga murya ya ce, "Mai ya zube!" Ba zai gusa ba sai Inna Sabrije mai shara ta kawo garin katako ta rufe, ta goge. Shi kansa tsohon, in abin ya faɗo kansa, haka yake tsayawa ana yi masa dariya.

Mutumin namu maraya ne, a hannun Baba Refik ya tashi. Allah ya ba shi ƙarfi, tulu biyu yake sauka da su ta matakalar dutse zuwa ɗakin randuna. Shekara goma sha tara bai taɓa yin kiran nan ba, kuma ba wanda bai ji haka daga bakinsa ba. In abokin aikinsa Nuredin ya tsaya yana kira, sai ya ce, "Kai, hannu ne da kai ko lagwani? Tsaya nan kamar jakin da ruwa ya daka, Innarka na tafe!"

Inna Sabrije takan ce, "Ɗan nan, rage baki. Mai bai san gwani ba."

Wata Alhamis kafin azahar, yana sauka, gindin tulu ya bugi bango, mai ya malale a taki na uku. Ba wanda ya gani. Daga sama yana jiyo dariyar Nuredin.

Ya 'yan uwa, mene ne nauyin kalma uku? Ya buɗe baki zai kira, sai ya tuna shekara goma sha tara, ya tuna duk wanda ya taɓa yi wa ba'a. Sai ya jawo wani buhu, ya ninke, ya shimfiɗa a kan man, ya ce a ransa zai dawo ya goge in an tafi cin abinci. Girman kai rawanin tsiya! Yana haurawa aka kira shi sauke kaya.

Baba Refik kuwa kullum kafin azahar yakan sauka ya ɗanɗana man ranar. Ya ga buhu, ya taka da sakin jiki. Buhun ya zame da shi har ƙasan matakala, ƙugunsa ya karye, bai ƙara tsayawa da ƙafarsa ba.

Aka yi ta tambayar wa ya aikata. Mutumin namu ma ya bi sahu yana tambaya.

Rana ta uku ya je dubiya. Tsohon ya sallami kowa, ya ce, "Matso, ɗana. Ninkin buhun nan na gane shi, ni na koya maka. Ba faɗa zan yi ba. Da ka kira, wallahi da ni zan kawo maka garin katakon da hannuna. Shekara goma sha tara ina jiran ka kira, don ka huta da wannan kayan da ka ɗora wa kanka."

Tsohon bai faɗa wa kowa ba har ya rasu, tun lokacin sanyin shekarar bai wuce ba. Mutumin ne ya tona kansa a bakin kabari, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Ba wanda ya kore shi. Amma daga ranar, da ya ɗaga tulu sai ya mayar ya ajiye. Aikin ya gagare shi, matatsar ma kaka biyu ta ƙara aka rufe. Mun san shi da furfura, yakan shiga kangon, ya tsaya a taki na uku, ya ɗaga murya ya ce, "Mai ya zube!" Ya yi ta jira, babu mai kawo garin katako.

Ya 'yan uwa, zubarwa ba zunubi ba ce, ɓoyewar ce ta hallaka shi. Kai mai aiki a asibiti, ko shago, ko wurin gini, ruwa nawa ka tsallake a daɓe ka yi shiru? Waya nawa ka bari a gicciye a hanya ka ce za ka dawo? Ka san ƙafar wa za ta riga ka? Kawar da cuta daga hanya ibada ce. In ka gani ka tsaya, ka kira, kada ka gusa sai an gyara. Kunyar minti ɗaya ce.

Allah ya jiƙan Baba Refik, ya gafarta wa ɗan da ya raina. Allah ya kiyaye mu da girman kan da ke ɗaure harshe, kada ya sa ƙafar wani ta zame ta dalilinmu. Amin.