Irin da Ya Mutu Cikin Buhu

An yi wani mutum a unguwar Hausawa ta Anaca, gab da yaƙin basasa, mai sayar da shinkafa. Ba zan kama sunansa ba, yana da jikoki.

Shekarar nan kogin Kwara ya cika ya batse, ya cinye gonakin bakin ruwa. Abinci ya yi tsada har birni, magidanta suka koma cin tuwo sau ɗaya. Ruwan ya shiga shagon mutumin nan, shinkafarsa mai ɓawo ta jiƙe, ta ɗauki zafi cikin buhu. Duk manomi ya san irin wannan ta mutu. A ci ta dai, ba a shuka ta.

Me ya yi? Ya shanya ta, ya sake mata buhu, ya sayar wa manoman da ruwa ya kassara, wai iri ne. Suka shuka, suka zuba ido. Ko tsinke bai fito ba. Suka zo da kuka, ya ce su tambayi ƙasarsu.

Sai rikici ya ɓarke, kowa ya nemi motar Arewa. Matarsa Baiwa, da ba ta san ha'incin ba, ta jawo buhu ɗaya na shinkafar nan.

"Malam, mu tafi da irin nan, kada mu shiga gida hannu rabbana."

Ya 'yan uwa, nan fa Allah ya buɗe masa ƙofar tuba. Ya yi gum!

A ƙauye yayansa Jumare ya tarbe su da murna. "Kai, ɗan birni, ashe kana tunawa da mu!" Ganin iri ya zo, Jumare ya sussuke nasa da ya ɓoye, ya ciyar da waɗannan baƙi. Mutumin yana ci, yana suɗe hannu, bai ce uffan ba.

Damina ta sauka, suka shuka irin da ya kawo. Fadamar kowa ta yi kore, tasu ciyawa ce kawai. Baiwa ta tuna da manoman Anaca, ta tona asirin mijinta a gaban dangi. Yunwa ta sa aka sayar da fadamar gado. Jumare ya mutu bai sake haɗa ido da ƙanensa ba.

Ambaliya daga Allah take, shekara ɗaya ta ci. Shekara ta biyu wa ya cinye ta? Mugu ne, wanda kunyar mutane ta fi masa tsoron Ubangiji. Kai mai sayar da iri, abincin baɗi ne a mudunka.

Allah ya kiyaye mu da ha'inci, ya ba mu bakin faɗar gaskiya tun da sauran lokaci. Amin.