Kwaɗo a Murfin Tanki

An yi wani mutum a nan ƙasarmu ta Bagudo. Ba zan kama sunansa ba, domin yana raye, wataƙila ma wasunku sun gaisa da shi yau.

Allah ya hore masa mota 'yar Kwatano mai shan gas. Ya damƙa ta a hannun ƙanensa Namadi, uwa ɗaya uba ɗaya, yana jigilar albasa da fasinja tsakanin Bagudo da Illo. Namadi mutum ne mai sanyin hali, ga mata ga 'ya'ya, bai san komai ba sai tuƙi da masallaci.

Ana nan sai mota ta fara ciwo. In an tayar da ita an bar ta a tsaye, sai ta riƙa karkarwa kamar mai zazzaɓi, salansa na tofar da baƙin hayaƙi. Man da a da yake kai ta Illo ya dawo da ita, yanzu a hanya yake ƙarewa.

Namadi ya ce, "Yaya, wagga mota ba ta da lafiya. A kai ta a duba."

Ya 'yan uwa, mene ne abin wuya a nan? Amma kun san halinmu na bakin iyaka. Da an ga mutum da jarka, shi ke nan, an gama yi masa shari'a. Zuciyar mutumin nan ta ce masa, ƙanenka zuƙe man yake yi da tiyo yana sayar wa 'yan ƙetare. Daga ranar kunnensa ya daina jin karkarwar inji, idonsa ya daina ganin hayaƙi.

Bai kira shi ɗaki ba. Ranar kasuwar Illo ya zaɓa, a tsakiyar tasha, gaban direbobi da 'yan kamasho. Ya fizge makulli, ya ce masa ɓarawon gida. Namadi ya ce a kawo ruwan alwala zai rantse. Wan ya ce ɓarawo ma ai yana da baki. Innarsu ta yi magiya har ta gaji.

Wa zai ƙara ba Namadi mota, alhali wansa na jini ya ba da shaida a kansa? Babu. Sai ya bar iyalinsa wajen Inna, ya tsallaka ƙasar Benin yana dakon buhuna.

Gogan naku kuwa ya sa aka yi wa murfin tanki kwaɗo, ya rataya makullin a wuya, ya hau tuƙi da kansa. Mai bai fasa tafiya ba. Kuna tsammani ya yi nadama? Ina! Cewa ya yi yaron ne ya lalata injin kafin ya tafi.

Da abin ya ishe shi, ya kai ta wajen Gidaɗo, wani bakanike a Illo. Gidaɗo ya duba filtar iska, lafiya. Ya duba ta mai, ba ruwa ba datti. Sai ya bar injin yana aiki, ya riƙa sassauta bututun da ke kai mai ga kowane nozul, ɗaya bayan ɗaya. Nozul shi ne bakin da ke fesa wa inji mai. Duk wanda ya sassauta, injin ya ƙara tangaɗi. Da ya zo kan wani, ko gezau. Ya zaro sandar awon baƙin mai, ya ga ya haura ƙa'ida, ya tsinke kamar ruwa. Ya shinshina, ya miƙa masa.

Ya ce, "Alhaji, wanga nozul ba fesawa yake ba, zuba yake yi. Wani ya fita hayaƙi, wani ya gangara cikin baƙin mai. Ga manka nan. Ba inda ya je."

Kun san abin da mutumin nan ya fara yi? Waigawa ya yi, ya ga ko akwai wanda ya ji.

Gidaɗo ya ce a bar motar a nan, a aika nozul Birnin Kebbi a gyara, a sauya baƙin mai, kada a ƙara tuƙa ta haka. To, garejin a bakin tashar nan yake, inda ya tozarta ƙanensa. Duk direban da ya wuce zai tambayi abin da ya same ta. Sai ya ce wa Gidaɗo ya riƙe bakinsa, ya rufe bonet, ya ja abarsa. Wallahi wannan ya fi na farko muni. Da farko zato ne. Yanzu ya sani.

Ba a jima ba saƙo ya zo daga ƙetare, ciwon ƙirji ya kwantar da Namadi. Inna ta ce, "Tafi ka ɗauko mini ɗana."

Ya hau motar. Ya wuce Illo kaɗan sai injin ya ɗauki ƙara shi kaɗai. Ya ɗage ƙafa, bai lafa ba. Ya murɗe makulli, bai mutu ba, domin ya koma shan baƙin man nan da ya gauraye da gas. Farin hayaƙi ya rufe hanya. Yana tsaye a gefe yana kallo har injin ya buga.

Kabu-kabu ya hau ya ƙarasa. Ya tarar da Dandawa, mutanen garin, suna dawowa daga maƙabarta, ya tambaye su Namadi. Wani dattijo ya ce masa, "Kai wane ne nasa?"

Ya ce, "Wansa ne."

Dattijon ya dube shi, ya ce, "Mu ce mana ya yi ba ya da wa."

Ya 'yan uwa, mota ta tafi, wannan ba komai ba ne. Inna ba ta tsine masa ba. In ya gaishe ta tana amsawa, amma ba ta ƙara ɗaga ido ta dube shi ba.

Yanzu kullum yana tasha yana tare mutane, yana cewa Namadi bai saci mai ba, nozul ne. Sai su ce Allah sarki, yana rufa wa mamaci asiri. Gidaɗo ya ba da shaida, aka ce baki suka haɗa. Ranar da ya yi ƙarya ba wanda ya nemi hujja. Yau yana rantsuwa a kan gaskiya, ba mai saye. Har gobe, in 'ya'yan Namadi sun wuce, ana nuna su ana cewa ga 'ya'yan ɓarawon gas, shi kuma yana ji da kunnensa.

To, kai da ke zaune nan kana zargin direbanka, ko matarka, ko yaron shagonka, ka bincika? Ka buɗe bonet kafin ka buɗe baki? Allah ya hana mu mugun zato, ya hana mu cin mutuncin Musulmi. In kuwa ka riga ka yi, gaskiya ta bayyana maka, tashi yau ka wanke shi a inda ka ɓata shi, tun yana da kunnen jin ka.

Allah ya kiyaye mu da sharrin zatonmu da harsunanmu. Allah ya jiƙan Namadi, ya raya abin da ya bari. Amin.