Aljani Kandarmas da Labarin Ruwan Zafi

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, can bayan tekun gishiri, an yi wani sarki a Birnin Daramisa, ana kiransa Zulaidu ɗan Mahadi. Sarki ne mai dakaru da giwaye da taskoki, amma duk ba su dame shi ba. Abin da ya ɗauke masa hankali shi ne labarin ban tsoro. Kullum bayan azahar sai a saki labulen fada, a kawo littattafan fatalwa da dodanni da mayu, a yi ta karanta masa da babbar murya, shi kuwa yana ƙudundune cikin alkyabba, haƙora na kaɗawa, yana cewa, "Wayyo Allah! Ci gaba!"

Ran nan ana tsakiyar labarin wani aljani mai cin amare, sai ƙasa ta tsage, wani baƙin hayaƙi ya turnuƙe, ga wani ƙato ya bayyana, kansa na taɓa rufi, idanunsa kamar garwashin maƙera. Fadawa suka watse, wasu ta taga.

Ƙaton ya ce, "Ya kai sarkin bil'adama, ni ne Kandarmas, barden aljanun ƙarƙashin ƙasa. Shekara ashirin kuna ɓata mana suna a ɗakin nan, kuna makyarkyata kuna jin daɗi. Wanda kuke karanta labarinsa yanzu kawuna ne, tsoho ne ba shi da haƙori ko ɗaya, kunu ma sai an tace masa. To, ni ma ina so in ɗanɗani wannan abu da kuke kira tsoro."

Ya miƙa hannu har cikin gida, ya ɗauko Gimbiya Ummul-Hairi, 'yar Sarki ɗaya tilo, ya cusa ta cikin wata butar tagulla. Ya ce, "Kwana arba'in na ba ku. Wanda ya karanta mini labarin da tsigar jikina ta tashi, na sake ta. Wanda ya kasa, ya zama zabo. In kwanakin suka cika, na tafi da ita inda ba a dawowa."

Daga bakin butar aka ji muryar Gimbiya tana cewa, "Allah ya taimaki Sarki, ya mahaifina, a hanzarta, don wurin nan warin tsatsa yake yi."

Sarki ya yi kuka har gemunsa ya jiƙe, ya sa aka yi shela cewa wanda ya ceci Gimbiya, in ta yarda da shi, ya zama surukin Sarki. Waziri ya fara, ya karanta labarin fatalwar da ke yawo ba kai. Kandarmas ya yi hamma ya ce, "Maƙwabciyarmu ce, ta ari turminmu har yau ba ta mayar ba." Ya hura iska, Waziri ya zama zabo. Sarkin Yaƙi ya kawo na dodon rijiya, aljani ya ce tare aka yi musu kaciya. Kafin kwana talatin da bakwai, zabi casa'in da tara ne ke kiwo a farfajiyar fada, kowane da ɗan rawaninsa. Kai, abin tausayi, abin dariya!

To, akwai wani mai kwafar littattafai a birnin, Malam Tanimu, wanda tsoro ya yi masa katutu, ko ɓera ya gifta sai ya hau kan buzu yana salati. Amma ya daɗe yana son Gimbiya a ɓoye, don ita kaɗai ce ke karanta abin da ya kwafa har ƙarshe, ta mayar masa da gyara da jar tawada. Ya zo ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni kwana ukun da suka rage, in je in nemo labari."

Ya ɗauki gafakarsa ya nausa, bai san inda za shi ba. Ya haye koguna biyu, ya ratsa dajin ƙaya, ya tambayi bokaye bakwai, duk labarin da suka ba shi na dangin Kandarmas ne. A rana ta uku, rana tsaka, gajiya ta zube shi a gindin wani juji bayan wani ƙauye kusa da birnin, don ashe zagaye ya yi ta yi. Sai ya ji kukan jariri daga ƙarƙashin toka, da wata siririyar murya tana cewa, "Yi shiru! Wallahi ko ka yi shiru, ko in kira matar bil'adama mai tukunya!" Kukan ya ɗauke ɗif.

Malam Tanimu ya so ya gudu, gajiya ta hana shi. Dole ya zauna yana jin yadda wata aljana ke tsoratar da ɗanta, har dabara ta faɗo masa. Ya zaro alƙalami ya rubuta shafi uku, sannan ya kwasa da gudun da bai san yana da shi ba, ya iso fada kafin la'asar.

Aka saki labule. Kandarmas ya kishingiɗa, butar na gefensa. Malam Tanimu ya buɗe takarda, ya fara karatu da murya mai karkarwa, kuma karkarwar ba ta ƙarya ba ce.

"An yi wani ɗan aljani mai suna Ɓingil, uwarsa ta hana shi wasa a bayan ɗakin girkin bil'adama, bai ji ba. Wata rana yana zaune a bakin magudana, yana gina ɗan gida da toka, sai ya ji an yanka kaza a cikin gidan."

Kandarmas ya gyara zama. "Kaza?"

"Kaza. Sai ya ji an ɗora tukunya. Sai ya ji ruwa ya fara ƙugi, yana tafasa, yana tafarfasa. Aka fige kazar tas. Sa'an nan ya ji takun Inna Delu, matar gidan, tinƙis, tinƙis, tana tafe da tukunyar, tururi na tashi."

Aljani ya jawo alkyabbar Sarki ya rufe gwiwoyinsa. Ya ce, "Ya kai ma'abocin karatu, ai za ta yi bismilla kafin ta zubar, yaron ya kauce. Haka ake yi."

"Ba ta yi ba."

"Ko a zuci?"

"Ko a zuci. Hankalinta na kan faɗan da ta yi da mai man gyaɗa. Ta zo ta tsaya daidai kan Ɓingil, ba ta ganinsa. Ya buɗe baki zai kira uwarsa, murya ta ƙi fita. Inna Delu ta ɗaga tukunya, ta karkata ta..."

Kandarmas ya ƙwalla ƙarar da ta zubo da ƙasar rufi. Gashin jikinsa ya miƙe kamar na bushiya, ya yi tsalle ya ɗafe azara yana cewa, "Tsaya! Don girman Annabi Sulaimanu, rufe takardar nan! Wane irin mugun mutum ne kai, da za ka karanta wannan da rana tsaka? Ni ma ina da 'ya'ya!"

Ya shuri butar, Gimbiya ta fito tana atishawa. Zabi suka koma mutane, kowa na tofar da tsakuwa. Aljani ya sauko yana share gumi, ya ce, "Ya Sarki, na ɗanɗana, ba daɗi, kuma ban san me kuke nema a ciki ba. Roƙona ɗaya: ku umarci matan birninku, kada wadda ta zubar da ruwan zafi sai ta yi magana." Sarki ya yi alkawari, aljani ya nutse cikin ƙasa, bai ko yi sallama ba.

Sarki ya tambayi 'yarsa ko ta yarda da Malam Tanimu. Ta ce, "Na yarda, ya mahaifina, don na ji muryarsa daga cikin buta. Ya fi aljanin jin tsoro, amma bai daina karatun ba." Aka yi biki kwana bakwai, Sarki ya ɗage labulen fada ya koma sauraron ƙarar talakawa.

Ran da Gimbiya ta fara girki a gidan mijinta, ta ɗauko tukunyar ruwan zafi da kanta, ta tsaya a bayan ɗaki, ta ɗaga murya ta ce, "Bismillahi! Masu wuri, a janye yara!"

Sai aka ji takun ƙananan ƙafafu cikin toka, kir-kir-kir, sun watse. Can daga ƙarƙashin ƙasa wata ƙatuwar murya ta amsa a hankali, "Mun gode, ranki ya daɗe. Zuba."