Sunan Ladidi a Kwandon Shara

An ce wai an yi wani alƙali a wani gari na bakin daji, ana kiransa Mai Shari'a Sambo. A kotunsa duk kwamfutocin ma'aikata haɗe suke da rumbu ɗaya, inda kowa ke ajiye aikinsa. Abin da aka goge kuwa ba ya ɓacewa nan take. Yakan faɗa wani kwandon shara a cikin rumbun, ya zauna har ƙarshen wata, kuma kowane ma'aikaci yana iya leƙawa.

Wata mai tallan nono, Ladidi, ta ba da shaida a asirce kan masu satar mutane, domin ta ga maɓoyarsu, har aka kama wasu daga cikinsu. Bisa kuskure aka ajiye bayaninta a rumbun kowa da kowa, da sunanta da unguwarsu. Da aka farga, aka goge.

Ba a jima ba ta zo wurin alƙali. Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, jiya wasu mutane a kan babur sun tsaya a kasuwa suna tambayar wace mai nono ce ta je kotu. Ina da 'ya'ya ƙanana. Ko motsin akuya na ji a zaure sai in ɗauka su ne."

Alƙali ya gane cewa a cikin ma'aikatansa akwai mai kai wa masu satar mutanen labari. Ya kira Tanimu, mai kula da kwamfutocin, ya tambaye shi.

Tanimu ya share gumi ya ce, "Allah ya gafarta Malam, bayanin yana nan a kwandon, ba a riga an buɗe ba. In na shafe shi gaba ɗaya, hujja ta tafi tunda ba mu da wani, a saki mutanen nan. In na bar shi, ran baiwar Allah nan yana hannun duk wanda ya leƙa."

Alƙali ya ce, "Ko ka shafe, mai laluben yana nan tare da mu, gobe kuma sunan wani zai nema. Kwashe na gaskiyar ka ba ni in kulle. A gurbinsa ka saka wani mai kama da shi, da sunan matar da babu ita, da kwatancen kangon nan na bayan makabarta. Rumbun yana rubuta wanda ya buɗe abu?"

"Yana rubutawa."

"To, ka rufe bakinka, ka buɗe idonka."

Kwanakin da suka biyo baya Ladidi ba ta leƙa ko ƙofar gida ba. Tanimu kuwa yana gaisawa da abokan aikinsa yana kallon fuskokinsu, bai san wanne ne ba. Ranar Laraba da hantsi sai rumbun ya nuna an buɗe bayanin ƙaryar daga kwamfutar magatakarda Gambo, mutumin da suke cin abinci kwano ɗaya da Tanimu. Kafin la'asar babura uku suka tsaya a ƙofar kangon, suka tarar da 'yan sanda na jiransu a ciki. Gambo kuwa a kan kujerarsa aka kama shi.

Daga nan alƙali ya hukunta cewa a kulle kwandon, mutum biyu kaɗai ke buɗe shi, kuma kada a shafe komai sai shari'arsa ta ƙare.

Masu hankali suka ce: abin da ka goge bai tafi ba, wuri ya sake, ka san inda ya koma, ka kuma san wanda ke iya kaiwa gare shi.