Ranar da Injin Rake Ya Kewaya Sa

Akwai wani matashi a Karaye mai suna Sabi'u. Injiniya ne na gaske, sai dai ji da kansa ya fi iliminsa yawa.

Ya zana injin matse rake a kwamfuta: sa yana kewayawa yana jan dogon itace, itacen yana juya ƙarafan da ke matse raken. Ƙungiyar masu mazarƙwaila ta Rogo ta ce ya zo ya nuna musu, in sun gamsu a ƙera. Shi kuwa ba shi da buri irin a wayi gari ana cewa "injin Sabi'u".

Kafin manoma su ga motsin, sai an kwashe zanen zuwa manhajar da ake yin katun da ita, wato hoto mai motsi. Hamida, abokiyar aikinsa, ta ja masa kunne cewa wajen kwashewa mahaɗan sassan injin kan warware. Dole a bi su gaɓa-gaɓa, a nuna wa kwamfuta wanne ne a kafe, wanne ke bin wani. Ta ce su kunna su gani kafin ya tafi.

"Hamida, ni na haifi injin nan," in ji shi. "Ni za a koya wa tafiyarsa?"

Ya haɗa su a gurguje, ya hau babur sai Rogo.

Bayan an gaisa, ya cika dattawa da bayani har wasu suka fara gyangyaɗi. Sannan ya danna maɓallin kunnawa, ya juya musu kwamfutar, ya harɗe hannu yana kallon sama.

Ashe a juye ya haɗa mahaɗan. Sa ya tsaya ƙyam a tsakiya, injin kuwa da turakunsa da tukunyar ruwan rake suka tashi suna zagaya shi kamar fanka.

Alhaji Maiturare, shugaban ƙungiyar, ya shafa gemu.

"Injiniya, Allah ya yi maka albarka. Shanunmu sun daɗe suna wahala, gara su huta. To ruwan raken fa? Da gudu za mu riƙa bin tukunyar?"

Dariya ta ɓarke. Sabi'u ya leƙa, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Washegari ya je wajen Hamida da doguwar gaisuwa, har kakarta sai da ya tambaya. Kujera kawai ta ja masa. Suka bi mahaɗan ɗaya bayan ɗaya.

Manoma sun gamsu daga baya, an kuma ƙera injin. Sabi'u ya rubuta sunansa a jiki da jan fenti, ɓaro-ɓaro. Amma daga Rogo har Kwanyawa, in ka ce injin Sabi'u ba wanda ya sani. Sai ka ce "Hutun Sa".

Darasi: Duba aikinka kafin jama'a su duba maka, kuma kada ka raina mai cewa ka sake dubawa. Kuskure yana gyaruwa, amma sunan da ya jawo maka ba ya goguwa. Ku tura wa wani mai gaggawa da kuka sani.